Mabera, Inda Gidaje Suka Riga Hanya

A ƙarshen shekarun 1980, idan mutumin cikin birnin Sakkwato ya ce ya sayi fili a Mabera, ba barka ake fara yi masa ba. Sai an ɗan yi shiru, sannan wani dattijo ya ce, "To, Allah shi sa alheri." Ga wanda aka haifa a Kanwuri ko Ƙofar Atiku ko Ƙofar Rini, wanda ƙafarsa ke kai shi Masallacin Shehu da Hubbare da Tsohuwar Kasuwa ba tare da ya nemi abin hawa ba, Mabera gona ce. Akwai tsohon ƙauyen da manomansa da dabbobinsu, sauran kuwa gero ne da wake da itatuwan gawo. Can ake zuwa sayen kara da harawa, ba can ake kai iyali ba.

Amma birnin ya riga ya cika. Tun da Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967 ma'aikata ke kwararowa. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka zo a 1975, aka kafa jami'a a shekarar, aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, kowane ɗaya da nasa baƙin. Manya suna da unguwar Turawa da gidajen gwamnati. Gidajen nan masu sauƙin kuɗi na zamanin Shagari ba su kai su ishi ko kashi kaɗan na masu nema ba. Ƙaramin ma'aikaci fa? Ko ya zauna gidan gado, inda ake yanka tsakar gida a fitar da ɗaki duk lokacin da wani ya yi aure, ko ya shiga haya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya sauko a 1986, darajar naira ta faɗi, albashi ya zauna wuri ɗaya, mai gidan haya kuwa bai zauna ba. Abin da ya rage wa irin su mahaifina, akawu a sakateriyar Usman Faruk, shi ne gonakin bakin gari.

Kakarmu ba ta so ba ko kaɗan. Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa. Ranar da ya kai mata labari, ta dube shi ta ce, "Kai wanga, mi ka kai mutum daji da ɗiya ƙanana?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ko daji na, ai nau na."

Iyakar hujjarsa ke nan, kuma ita ce hujjar kusan duk wanda na sani ya tare a Mabera a wancan zamani. Ba iska mai daɗi suka je sha ba, ba shiru suka je nema ba. So suke su rufe ƙofa da dare ba wanda zai ƙwanƙwasa ranar ɗaya ga wata.

Yadda ake sayen filin ya kamata a tsaya a kansa, don duk abin da ya same mu daga baya daga nan ya taso. A takarda, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. A ƙasa kuwa, manomi ne ke da gonarsa ta gado, kuma shi ke sayarwa. Dillali zai kawo ka, a zo da igiya a auna, a kafa duwatsu ko turaku a kusurwa huɗu, a rubuta takarda da hannu, shaidu su sa hannu, a kai wa mai unguwa goro, dillali ya karɓi la'adarsa. Awon igiya ke nan. Kowane mai gona yana yanka tasa daidai da siffarta, ba ruwansa da yadda maƙwabcinsa ya yanka. Hanyar da zai bari a tsakani asara ce a wurinsa, don haka yakan bar mafi ƙanƙantar abin da kunya za ta bari. Shi ya sa har yau za ka shiga rariya mai faɗi a Mabera, ka yi tafiya kaɗan ta tsuke, ta karkace, ta ƙare a jikin katangar wani. Nan ne iyakar gonar wane da ta wane.

Kuma da rani ake cinikin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Maris ko Afrilu duk ƙasar Mabera ɗaya ce a ido, busasshiya, shimfiɗaɗɗiya. Mai gona ya san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, ya san kwarin da kakansa ba ya shuka gero a ciki. Mai saye bai sani ba, bai kuma tambaya ba, don kuɗin ya yi masa daidai da aljihu.

Ginin kansa a hankali aka yi shi. Baba ya shiga adashi a ofis, duk sa'ad da kwasa ta zo kansa sai a sayo siminti na Kalambaina a buga bulo a jera a filin, a rufe da ƙaya saboda awaki. Inna tamu, wato mahaifiyata, ta sayar da tumakinta biyu da wasu daga cikin kwanonin jerenta aka sayi kwanon rufi, abin da ba a cika faɗa ba idan maza na ba da labarin yadda suka gina gida. Ɗaki biyu aka fara yi da makewayi, aka kewaye da zana. Ba a yi yaɓe ba, tagogin kuma buhu aka rataya musu. Haka muka tare da kakar 1988, gab da rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a ranar 1 ga Nuwamba, bayan shekara hamsin yana sarauta. Da hargitsi ya tashi a cikin gari kan naɗin magajinsa, wasu daga cikin dangin da suka yi mana jaje su ne suka turo mata da yara su kwana a dajin namu.

Da asuba unguwar ke zubewa cikin gari. Bayan an fito masallaci sai ka ji ana ta tayar da babura, Honda da Suzuki da Yamaha, masu kekuna kuma sun riga sun yi gaba don su tsere wa rana. Malaman makaranta, masinjoji, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, masu shaguna a Sabuwar Kasuwa, leburorin Kara, kowa ya nufi inda abincinsa yake, don babu mai samun abincinsa a Mabera in ba magina da masu tallan abinci ga magina ba. Babur ɗin Baba yakan ɗauke mu mu uku: ƙanena a kan tanki, ni da yayata a baya. Kafin a kai kwalta akwai yashi, kuma yashin nan ya kayar da manyan mutane da manyan riguna ba sau ɗaya ba. Wanda ya fito da farin kaya yakan isa ofis da jan kaya.

Nisan ba wani nisa ba ne in aka auna da kilomita. Yau mai keke napep zai kai ka cikin gari kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai. Amma nisa a wurin talaka da kuɗin mota ake auna shi, da kuma zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watannin bazara. Masu tasi ba sa son shiga, sai su sauke ka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa da buhunka a ka. 'Yan kabu-kabu suna shiga, amma da hadari ya haɗu kuɗinsu ya tashi. In cefane ya ƙare, tafiya ce. In yaro ya kwana da zazzaɓi, tafiya ce. In naƙuda ta tashi da tsakar dare, sai a buga ƙofar mutum ɗaya da ke da mota a layinmu, wani ma'aikacin gona mai tsohuwar Fijo. Ban taɓa jin ya karɓi ko kuɗin mai ba. Yaran da aka haifa bayan ya kai uwayensu Asibitin Ƙwararru suna da yawa, wasunsu yanzu su ma suna da motoci.

Baba mutum ne mai lissafi, aikinsa ke nan. Yana da wani littafi da yake rubuta abin da ya fita kowane wata, kuma na taɓa jin yana gaya wa abokinsa cewa abin da yake ba mai gidan haya a da, yanzu gidan mai da 'yan ga-ruwa da bakanike ke raba shi. Abokin ya ce, "Malam, ai ka san araha ba ta ado." Baba ya ce ya sani, amma su waɗannan ba su da ikon ba shi notis.

Mu yara ba mu san wannan lissafi ba. A wurinmu Mabera faɗi ce. A cikin birni wasa a lungu ake yi, in ƙwallo ta faɗa gidan wani tsoho shi ke nan. A nan kuwa tsakanin gida da gida gona ce. Da damina gero yakan rufe mu har ba a ganin kanmu, masu gona suna korarmu muna dawowa. Da kaka mu bi bayan masu girbi muna kala, mu tsotsi karan dawa mai zaƙi, mu kama fara da sassafe tun raɓa ba ta sake su ba, a soya mana da gishiri da yaji. Kangayen da masu su suka kasa ƙarasawa su ne fadarmu, a nan muke langa da ɓuya, a nan kuma muka fara sanin kunama. Da hunturu mu tara kara mu hura wuta a ƙofar makarantar allo, Malam na gefe da bulalarsa yana yi kamar bai ga dankalin da muka binne a toka ba. Wata tsohuwa daga cikin 'yan asalin ƙauyen tana sayar da hoce da fura, ita ce ta san sunan kowace gona da wanda ya fara sassabe ta. Takan ce mana, "Nan da kuka ganin ɗakin ubanku, nan ruwa ka kwana." Muna dariya.

Akwai kuma Kwalejin Gwamnatin Tarayya, ɗaya daga cikin guda uku na farko da aka buɗe a ƙasar nan a 1966, tare da ta Warri da ta Okposi. Mukan tsaya a jikin shingenta muna kallon ɗalibai daga ko'ina a Nijeriya suna wasanni da kayan makaranta masu tsabta. Da yawa daga cikinmu a nan muka fara jin sha'awar karatun boko ya yi nisa. Har yau in ana kwatancen gida a wannan yanki, da ita ake yi.

Abin da na fi jin kewarsa shi ne irin maƙwabtakar. A cikin birni maƙwabcinka ɗan'uwanka ne, ko kana so ko ba ka so, kakanninku sun riga sun gama muku. A Mabera kowa baƙo ne. A layinmu akwai Bakabe daga Argungu, akwai mutumin Ƙauran Namoda, akwai Badakkare daga Zuru, akwai tela Bayarabe, akwai Inyamuri mai shagon magani, ga Buzaye masu gadin kayan gini waɗanda fari ya koro daga Nijar. Ba jini ya haɗa su ba, buƙata ce. Su suka yi karo-karo suka sayi turakun wuta da waya. Su suka haƙa rijiya a ƙofar masallaci, suka kafa sintiri da ɓarayin awaki suka dame mu, suka riƙa fitowa aikin gayya ranar Asabar ana zuba ɓaraguzai a ramukan hanya. Matan kuma, da yake maza ba sa nan tun safe har la'asar, su ke riƙe da unguwar: aron garwashi, aron turmi, adashin mako, riƙon yaron wadda ta tafi awo. Kakarmu da ta zo ta ga yadda matar telan nan ke shigowa ba sallamar baƙunta tana kiran mahaifiyata "Yaya", sai ta ce ashe daji ma da mutane.

Siyasa ce ta fara watsa wannan taro. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, ma'aikata 'yan asalin can suka kwashe zuwa Birnin Kebbi. A watan Oktoban 1996 aka yanke Zamfara, wasu suka nufi Gusau. Mutanen da suka sha wahalar jera bulo ɗaya bayan ɗaya suka sayar, ko suka zuba 'yan haya suka tafi su sake farawa a bakin wani garin. Gidajen ba su zauna kango ba ko na wata guda. Waɗanda suka maye gurbinsu sun fi su yawa, kuma daga nan ne filaye suka fara tsada, aka fara raba fuloti ɗaya gida biyu.

Sai maganar tsohuwa mai hoce ta tabbata. Shekarun farko ruwan sama bai dame mu ba sosai, don gonakin da suka rage suna shanye shi. Amma kowane sabon gida rufin kwano ne da daɓen siminti, kuma kowane indararo waje yake zubarwa. Aka cike kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa da shara, aka sayar, aka yi gini a kai. Ruwan da a da yake da wurin kwana ya rasa, sai ya dawo rariya, daga rariya ya shiga ɗaki. Na tuna daren da muka ɗora katifu da buhun gero a kan gado, muka tsaya da kwanoni muna kwarfa har aka kira assalatu. Kowa ya shiga ɗaga dokin ƙofarsa da dandamali, wanda ya fi kuɗi ya fi tudu, ruwan ya gangara gidan wanda bai da hali. Mutanen da suka haƙa rijiya tare suka fara kai ƙarar juna wurin mai unguwa a kan kwata. Bayan ruwa sai sauro, bayan sauro sai layi a shagon magani. Abin haushin, da rani ya dawo kuma sai ka ga mutum yana tare ɗan ga-ruwa a hanya yana roƙon a sayar masa da jarka biyu.

Mutanen waje sukan haɗa wannan da ambaliyar watan Satumban 2010, wadda ta biyo kogin Rima daga wajen madatsar Goronyo ta cinye ƙauyuka ta karya gadar hanyar jami'a. Ba ɗaya ba ne. Waccan kogi ne ya yi ambaliya. Ta Mabera ruwan rufin gidajenmu ne da ba mu bar masa mafita ba. Sai a zamanin gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, aka shigar da aikin manyan magudanan Mabera cikin shirin NEWMAP mai tallafin Bankin Duniya. Aiki ne da ake buƙata, ba mai musu. Sai dai magudanar da za a haƙa bayan gidaje sun tsaya dole ta bi ta ƙofar wani ko ta ɗakin wani, a yi awo, a yi diyya, a yi rigima. Tun ana gona, turaku da igiyar nan ɗaya sun isa su ware mata wuri.

Ba mu kaɗai ba ne. Wanda ya san Mararaba da Nyanya, inda ma'aikatan Abuja ke kwana su yi sammako su shiga cunkoso, ko Rigasa a Kaduna, ko Rijiyar Zaki da Ɗorayi a Kano, ya san labarin. Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanyar. A Ingila, a shekarun 1920, kamfanin jirgin ƙasa na Metropolitan shi da kansa ya riƙa yanka filaye kusa da tashoshinsa a bayan birnin Landan yana gina gidaje, don ya samu fasinjan da zai riƙa ɗauka safe da yamma. Ba tausayi ya sa shi ba, riba ce, amma hanya ta riga gida isa. A wurinmu gida ke fara zuwa, sai masallaci, sai wuta, sai makaranta, hanya da magudana su zo a ƙarshe, in sun zo.

Duk da haka ba zan ce Baba ya yi kuskure ba. Ya yi ritaya a cikin gidansa, ya aurar da 'ya'yansa a ƙofarsa, a nan aka yi masa sutura. Abokan aikinsa da suka tsaya jiran fili mai tsari da takardar gwamna, wasunsu a haya suka tsufa. Abin da nake cewa shi ne arahar ba kyauta ba ce. Bashi ce aka ɗauka ba a sani ba, aka yi ta biya a gidan mai, a hannun ɗan ga-ruwa, a shagon magani, a kuɗin sake yaɓen katangar da ruwa ya ci. Kuma wanda ya fi biya shi ne wanda filinsa ya fi araha.

Yau Mabera ba bayan gari ba ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, ta rabu unguwa-unguwa, su Jelani da Gidan Jariri da Kantin Sani, shaguna a jere, makarantun kuɗi da Islamiyyu a kowane lungu, masallatan Juma'a, masu wa'azin da ake jin sunansu har wajen jiha. Yaron da aka haifa can yanzu bai taɓa ganin zangarniyar gero a tsaye a unguwarsu ba. Ƙaramin ma'aikaci kuwa ba zai iya taya fili a layin da na tashi ba. Arahar ta matsa gaba, ta koma wajen Gagi da Tamaje, da Dambuwa da Kwannawa a hanyar Gusau, da More ta wajen arewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin zuwa aiki daga waɗannan wurare ya zama abin da ake zama a lissafa kafin a biya kuɗin fili, ko ya kamata a lissafa. Dillalan kuma suna nan da igiyarsu, suna ciniki da rani.

Ƙannena da 'ya'yan maƙwabtanmu su ne masu sayen yanzu. Gare su nake magana, da duk mai shirin bin sahunsu. Kada ku biya sai kun je kun ga filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ku nemi tsohon da ya noma wurin ku tambaye shi inda ruwa ke kwana. Ku haɗu da sauran masu saye tun ba a sa bulo ba, ku tilasta wa mai gona ya bar hanyar da mota biyu za su gitta, ko da kuɗinku za ku saye ta. Hukumomin tsara birni kuma su fita can yanzu su shata hanya da magudana, tun wurin yana gona.